Ƙwaryar Makullai ta Gidan Tanko

Tun da muka dawo daga ƙasar Mayahi ban ɗaure noti ɗaya cikin kwanciyar hankali ba. Kowa ya shigo garaji, maimakon ya ce ga babur ɗinsa ya ƙi tashi, sai ya jawo benci ya zauna ya ce, "Laminu, wai yaya aka yi ne?" Na faɗa har bakina ya bushe, kuma duk wanda ya ji sai ya fita ya ƙara nasa gishirin. Jiya har na ji wai jaki Ilya ya hau ya wuce babura. To, ga shi zan faɗa sau ɗaya tun daga tushe. Wanda ya sake tambayata bayan wannan, wallahi sufana zan miƙa masa ya taya ni aiki.

Ga wanda bai san mu ba, mu ne 'yan fadar Issufu mai shayi, wato majalisar da muke zaman hira, nan Tasawa bayan tasha. Sauran fadodi ƙwallo suke kallo ko kokawa. Mu kuwa Allah ya jarrabe mu da tseren motocin Turawa, waɗannan masu ƙafafu a waje, da ko fasinja ɗaya ba sa iya ɗauka. Ranar Lahadi in ana yi, sai ka same mu mun cika gaban tele, rabi 'yan koriyar mota, rabi 'yan rawaya. Sunayen direbobin sun fi ƙarfin harshenmu, sai muka raɗa musu namu. Akwai Tsoho, wanda ya ci kofi har ya rasa wurin ajiya. Akwai Ɗan Auta mai zafin kai, wanda ko abokin aikinsa ba ya bari ya wuce shi. Gardamarmu kuwa ɗaya ce shekara da shekaru: direba ne ke ci, ko mota?

Ilya ɗan kawuna ne, ɗan kabu-kabu, mutum mai sanyi, in ya yi magana uku a wuni to ya yi surutu. Amma in ya hau babur sai ya zama wani daban. Duk tseren da samari ke yi a filin bayan gari lokacin salla, shi ke zuwa na ɗaya. Sallau kuwa, shi ma ɗan kabu-kabu, shi ke zuwa na biyu, kuma bakinsa ya fi babur ɗinsa gudu. Ni nake yi wa Ilya gyara.

Wata Lahadi aka ce a tele an kama wata ƙungiya ta ɓoye wani ƙarfe a ƙarƙashin motarta. Fada ta kaure da ihu. Sai Sallau ya miƙe, kofin shayi a hannu, ya ce, "Kun gani ko? Har Turawa ma, bare na gida! Ku tambayi Laminu mi ya saka cikin injin Ilya." Aka kwashe da dariya. Ni na zabura zan shaƙe shi aka riƙe ni. Ilya ya ajiye kofinsa ya fita.

Da wasa aka fara, amma sunan ya bi shi: Ilya Magudi. A tasha Magudi, a kasuwa Magudi. Na ce zan kwance injin gaban kowa, Sallau ya ce ai na riga na cire abin. To yaya za ka yi da irin wannan? Ilya ya daina zuwa fada, ya daina tsere. Sai ran nan ya shigo garaji da wata jakar goyo a ɗaure tam, ya tura ta ƙarƙashin bencina.

Na ce, "Wannan fa?"

Ya ce, "Ajiye mini, Yaya. In an gama shigar da hatsi zan bi motar Agadas, daga nan sai Libiya. Uwar Nana ba ta sani ba tukuna."

Na ce, "Don maganar Sallau za ka bar garinku? Sallau da ko akuyar gidansu ba ta sauraronsa?"

Ya ce, "Ba Sallau ba ne. Nana ce ta dawo daga lakkwal, makarantar bokonsu, ta ce, Baba, mi ne ne magudi? Wai haka ake kiranta, ɗiyar Magudi."

Na san mutanen da suka bi wannan hanya. Na san waɗanda suka dawo, na san waɗanda har yau ko labarinsu babu. Kullum na zauna kan bencin nan sai dunduniyata ta taɓa jakar, raina ya ɓaci.

Mushe Rabe ne ya buɗe mana hanya. Ɗan fadarmu ne, malamin makaranta, shi ya sa ake ce masa Mushe kamar kowane malamin boko a nan, aka mayar da shi wani ƙauye da ake kira Gidan Tanko, can bayan Tchaké. Can babu tele, don haka duk Lahadi sai ya hau wani tudu inda waya ke kamawa ya kira ni in faɗa masa wanda ya ci. Da na ba shi labarin jaka, sai ya ce, "Nan ma ana tseren babura in an gama girbi. Ka zo da Ilya. Sallau ni zan kira shi."

Na ce, "To mi zai canza, Mushe? In Ilya ya ci, cewa za a yi injin ne."

Ya ce, "Kai dai ku zo. Mutanen nan ba su iya doguwar gardama ba." Ya yi wata dariya da ban gane kanta ba, waya ta yanke.

Da ƙyar na shawo kan Ilya. Na ce Libiya ba gudu take ba, ya yi mini wannan ɗaya, in mun dawo yana nan kan bakansa ni da hannuna zan ɗaukar masa jakar. Sannan na duƙufa kan babur ɗinsa. Na wanke karbireta, na sa sabon buji, na ja sarƙa, na goge shi har yana ɗaukar ido. Allah ne shaida ban ƙara komai ba kan abin da kamfani ya saka. Amma na ƙudura sai ya ba Sallau tazarar da zai shekara yana jin kunya.

Muka tashi bayan sallar asuba, Ilya na tuƙi, ni a baya rungume da kayan aiki. Hanyar Mayahi kun san ta da gargada, kafin rana ta yi zafi duk haƙorana sun gaisa da juna. Amalanken shanu ta ko'ina, an labta musu dammunan hatsi, bana kam sai godiya. Ba mu yi nisa ba ƙaya ta huda mana ƙafar baya. Ni, makanike guda, da sufana iri-iri a jaka, ashe na baro famfo a garaji! Ina tsugune ina zagin kaina sai ga Sallau da abokansa biyu. Ya rage gudu ya ce, "A'a, injiniya! Maganin naku ba ya hana ƙaya ne?" Ya jefo mana famfonsa ya wuce. Na ɗauka don dole, amma ban ce na gode ba.

Kafin a shiga ƙasar Mayahi sosai akwai igiya a gicciye da rumfar jandarmomi. Wani dogo ya karɓi takardun babur, ya duba, komai daidai. Zai miƙo ke nan sai idonsa ya faɗa kan hoton koriyar mota da Ilya ya manna a tanki.

Ya ce, "Au, 'yan kore ne ku? Ku da ake ce wa ƙaraminku ya kauce babba ya wuce? Wannan tsere ne ko rakiyar amarya?"

Ashe ɗan rawaya ne na gidi. Na ce, "Ranka ya daɗe, ai gara mu, a fili muke namu. Naku direban fa, da in ya ga za a wuce shi sai ya tura mutum cikin ciyawa?"

Bawan Allah ya maƙale takardu a hammata ya gyara tsayuwa. Ya ce wannan ai zuciya ce, wanda ba shi da ita ya je ya tuƙa amalanke. Na ce zuciya daban, mugunta daban. Muka yi ta yi har mai motar da ke bayanmu ya leƙo yana roƙon Allah da Annabi. Da ya sauke igiya sai ya ce, "Ku je, amma in kun dawo za mu ƙarasa." Na leƙa madubi na ga Ilya na murmushi, rabona da ganin haka tun kafin damina.

Rana ta take muka shiga Mayahi. Garin yana bakin gulbi, gulbin da babu ruwa sai goruba, ko'ina ka duba mata ne ke saƙar tabarma da igiyar kaba. Muka tsaya wurin wata dattijuwa mai fura. Mu a Tasawa in ka ce a dama maka, sai an tambaye ka ta nawa. Ita kuwa da ta ji mu baƙi ne, sai ta cika ƙwarya har baki, ta zauna ta zuba mana ido. Na sha rabi na ce alhamdu lillahi. Ta ce, "Ɗana, hurar tawa ce ba ta yi ba?" Dole na ƙarasa. Cikina ya zama tulu, ga kuma sauran tafiya.

Daga nan zuwa Tchaké da abin da ya yi gaba, rairayi ne zalla. Ilya ya ce in zauna daram kada in motsa. Ni kuma na ji kamar sufana ta faɗi, na waiwaya, sai ga mu kwance cikin ƙarangiya. Muna cire ta daga wando ɗaya bayan ɗaya sai muka ji wata ƙara kamar injin niƙa. Wani Bafillace ne bisa babur, jarkokin nono rataye dama da hagu. Tunda nake gyara ban taɓa ganin akwala irin wannan ba. Ba madubi, ba fitila, sirdin da igiyar kaba aka ɗaure shi, sarƙa na lilo, hayaƙi baƙi ƙirin. Makullin ma da wani jan zaren fata aka rataye shi.

Ya tsaya ya yi mana sannu, ya ce sunansa Bello, Gidan Tanko za shi. Na ce, "Bello, wannan babur ne, ko gado aka raba ya faɗo kanka?"

Ya yi dariya ya ce, "Sunanta Haƙuri. Ba ta sauri, amma ba ta taɓa kwana a hanya ba. Ku biyo sawuna."

Muka bi shi. Ni ina toshe hanci saboda hayaƙi, Ilya kuwa ya kafa wa akwalar ido duk tsawon hanya, yana kallon yadda take ratsa rairayi da inda take tangaɗi.

La'asar sakaliya muka isa. Mushe Rabe ya tarbe mu da murna, ya kai mu wani aji da aka jingine kujeru aka shimfiɗa tabarmi. Ina shiga sai na ga Sallau miƙe yana fifita da hula. Na juyo na ce, "Mushe, mi ke nan?" Ya ce haka al'adar garin take: baƙin gari ɗaya, ɗaki ɗaya, akushi ɗaya. Na ce mu a Tasawa ko a gidan biki ana duba wa ke shiri da wa kafin a haɗa kwano. Ya ce to nan ba Tasawa ba ce.

Aka kawo tuwon hatsi da miyar kuka, an yanka mana zabo. Sallau da abokansa a wannan gefe, Ilya a wancan, ni a tsakiya. Ba ka jin komai sai haɗiya. Daga ƙarshe cinya ɗaya ta rage a tsakiyar akushi. Sallau ya ƙi ɗauka don kada a ce ya yi zalama, Ilya ya ƙi ɗauka don ta fi kusa da Sallau. Na ga za a yi asara, na raba gardama.

Bayan magariba dattawan gari suka zo gaishe mu. Cikinsu akwai wani tsoho siriri, Baba Na-Allah, wanda aka ce shi ke riƙe da al'amarin tsere. Ashe Mushe ya riga ya shafa musu ciwonmu, duk sun san Tsoho da Ɗan Auta ko da ba su taɓa ganinsu ba. Wani ya tambaya, shi wannan Tsoho da ya tara abin duniya, mi yake nema kuma da yake ta wasa da ransa? Sallau ya ce kwaɗayi ne, mai kuɗi ba ya ƙoshi. Na ce a'a, ƙin Ɗan Auta ne ke tashinsa da asuba, da yaron bai zo ba da tuni ya ajiye. Mushe ya ce tsoro ne, tsoron ranar da zai farka ba wanda ke jiransa.

Baba Na-Allah ya dubi Ilya ya ce, "Kai fa, mai shiru?"

Ilya ya jima yana murza tabarma da yatsa, sannan ya ce, "Ina ga so yake a yarda shi ne ke tuƙin, Baba."

Tsohon ya gyaɗa kai. Ya tambaya ko motar ta direban ce, muka ce ta ƙungiya ce. Ya tambaya ko motocin duk ƙarfinsu ɗaya, muka ce ina, ai nan gardamar take. Sai ya riƙe baki ya ce, "Ikon Allah. Duk wayon Turawa, ba su da ƙwarya ne?" Mutanen gari suka fashe da dariya, Mushe har da riƙe ciki. Ni na ɗauka tsufa ne, na ƙyale shi.

Da hantsi aka taru bakin rijiyar gari. Kalangu na tashi, mata sun jera ƙoren fura, an jera babura reras, namu na walƙiya a tsakiya. Ina ta kumbura. Sai ga Baba Na-Allah da wata tsohuwar ƙwarya da faifai a kai. Ya ɗaga murya ya ce, "Kowa ya kawo makullinsa."

Na ce da Mushe, "Makulli kuma? Na mi?"

Ya ce, "Yauwa. Nan ba wanda ke hawan nasa."

Ya bayyana mini cewa tun zamanin da kakanninsu ke tseren raƙuma aka taɓa samun wa da ƙane da suka raba gida, don ɗaya ya ce an ba raƙumin ɗayan magani. Tun daga ranar dattawa suka ce a riƙa tara akala wuri ɗaya, kowa ya rufe ido ya ɗauka, raƙumin da ya faɗo maka shi ne naka. Da raƙuma suka ja baya babura suka zo, sai makulli ya maye gurbin akala. Wanda ya ci a naɗa masa rawani, mai abin hawan a ba shi zabo.

Jama'a, na yi faɗa. Na ce wannan zalunci ne, na ɓata kwana da kwanaki ina gyara don wani ƙato ya hau? Ba wanda ya kula ni. Ilya ya cire makullinsa ya jefa a ƙwarya. Sai bakin Sallau ya motsa, don shi ba ya iya bari. Ya ce, "To ai tsere ya ƙare! Wanda ya ɗauko na Ilya ya tafi da rawani."

Baba Na-Allah ya juyo a hankali ya ce, "Kana nufin da wani abu cikin wanga babur?"

Sallau ya ce, "Ai kowa ya sani, Baba."

"Ban tambayi kowa ba. Kai na tambaya."

Sallau ya dubi abokansa, ya ga ba hanyar ja da baya, ya ce, "Ni na ce."

Tsohon ya sa hannu ya zaro makullin Ilya ya miƙa masa. Ya ce, "To nan wanda ya zargi abin hawa, shi ke hawansa. In ka ci, ka yi gaskiya, mu ma za mu taya ka faɗa. In ba ka ci ba, nan za ka tsaya ka gaya wa jama'a abin da ka ji ƙarƙashinka."

Sallau ba rago ba ne a tuƙi, ga shi na gyara masa babur da hannuna kamar ba gobe. In ya zo na ɗaya, sunan Magudi ya zauna ke nan har abada, da shaidar gari guda, kuma jakar nan sai ta ga Agadas. Aka rufe ƙwarya da faifai, mahaya suka riƙa sa hannu ɗaya bayan ɗaya. Da Ilya ya zaro nasa, sai na ga jan zaren fata na reto. Haƙuri ce. Na dafe kai na ce inna lillahi.

Hanyar tseren daga rijiya take, ta ratsa fako, ta gangara wani kwari mai rairayi, ta zagaya wani babban gawo, ta dawo. Ni da Bello, wanda ya jefa makullinsa a ƙwarya amma shi ba ya tsere, muka hau amalanke a bakin kwarin inda ake ganin komai. Aka kaɗa kalangu, suka zabura.

A kan fako Sallau ya fice kamar an harba shi. Ban taɓa tsanar aikin hannuna ba sai ranar, ina ji injin na kuka mai daɗi ina tsine wa sabon buji. Ilya kuwa can baya, shi kaɗai cikin hayaƙinsa. Na ce, "Bello, ka kashe mu." Ya ce, "Bari su shiga rairayi."

Suka shiga. Sallau ya murɗa wuta da ƙarfi kamar yadda ya saba a gari, ƙafar baya ta fara tono, babur ya yi dama ya yi hagu. Samarin ƙauyen suka fara gota shi. Sai ga Haƙuri ta iso tana tari. Ilya ya miƙe tsaye bisa matakai, ya ja jikinsa baya, bai yi kokawa da ita ba, ya bar ta tana tangaɗinta yana bin ta da kafaɗa. Ya wuce ɗaya, ya wuce biyu. Ya zo daidai Sallau, ko kallonsa bai yi ba, ya wuce. Ban san lokacin da na fara tsalle kan amalanken mutane ba, har shanun suka firgita, saura kaɗan su zubar da mu.

Da suka zagayo gawo, mutum ɗaya kawai ke gaban Ilya, wani saurayin ƙauyen mai suna Tsalha. A rairayi Ilya ya kamo shi har suka jera. Amma da suka hau fako sai Haƙuri ta tuna shekarunta. Tsalha ya shiga na ɗaya, Ilya na biye da shi, ƙafar gabansa kusan tana taɓa ta bayan wancan. Sallau sai da aka gama guɗa sannan ya iso, rairayi har cikin kunne.

Baba Na-Allah ya naɗa wa Tsalha rawani, sannan ya ɗaga makullin babur ɗin da ya ci ya ce, "Na wa ne wanga?" Sallau ya ɗaga hannu a hankali. Nasa ne! Babur ɗin Sallau ne ya ci tsere, aka miƙa masa zabo yana fuka-fuki. Wuri ya ɓarke da dariya. Na ga dama ta samu, na cika ƙirji zan ƙwala "Sallau Magudi!" yadda har Tasawa za a ji. Sai Ilya ya damƙe mini hannu. Ya ce, "Kada ka fara, Yaya. Shi ma yana da ɗiya a lakkwal." Na haɗiye, amma wallahi da ɗaci.

Sallau ya tsaya tsakiyar fili, zabo a hammata. Muryar nan tasa mai cika tasha ta koma ƙarama. Ya ce, "Jama'a, na hau, na ji. Babu komai cikin babur ɗin nan. Nawa ma ya fi shi ja. Mutumin ne ke gudu, ba injin ba. Ilya, na zalunce ka, ka yafe mini don Allah." Ilya ya miƙa masa hannu. Sannan mara kunyar ya juyo gare ni ya ce, "Kai kuma Laminu, ashe gyaran naka ma irin na kowa ne." Har yau ban san ko murna ya kamata in yi da wannan magana ko fushi ba.

Dawowa ba wani abu, sai dai jandarman nan ya cika alkawari, ya tsare mu har sai da muka ƙarasa gardama, kuma bai yarda ba, ban yarda ba. Ranar Lahadi Sallau ya miƙe a fada, kofin shayi a hannu, a daidai inda ya tsaya wancan karo, ya maimaita abin da ya faɗa a Gidan Tanko, bai rage ko kalma ba. Zabon kuma ya kai gidan Ilya ya ce na Nana ne. Kada ku ɗauka gardamar direba da mota ta mutu. 'Yan rawaya na cewa ai babur mai ƙarfi ne ya zo na ɗaya, mu muna cewa ku dubi wanda ya zo na biyu da abin da ya hau.

Jakar dai tana ƙarƙashin benci, ban yi maganarta ba, shi ma bai yi ba. An shigar da hatsi, motocin Agadas na ta lodi a tasha, kullum ina jin yaran mota na kiran fasinja. Sai shekaranjiya da safe Ilya ya shigo ya ce, "Yaya, ba ni jakata."

Na yi alkawari, ba ni da bakin hana shi. Na jawo ta na kakkaɓe na miƙa masa, ban iya kallon fuskarsa ba. Ya kwance ta, ya zazzage riguna da bargo kan benci, ya ce in an jima za a zo a kai su gida. Sannan ya fito da sabuwar sarƙa daga aljihun rigarsa ya saka a ciki, ya ce, "Kana da tsohuwar fitila mai aiki? Na Haƙuri ne. Yau Bello zai shigo Tchaké da nono, na ce zan same shi can."

Na ba shi fitila, na ƙara da buji da madubi. Na juya baya ina ta neman wata sufana da ke hannuna, don kada ya ga idona.

Ya ce, "Kuma in ji Nana, baɗi da ita za a je."

Na yi alkawarin ni zan ɗaukar masa jakar nan da hannuna, na kuwa ɗauka. Na ɗaure ta a bayan babur ɗinsa, na saka famfo a ciki, ya kama hanyar Mayahi.